Yadda ake cin abinci a waje a Makka da Madina lokacin Umara

Wanda ya tafi Umara ba tare da shirin da ake kawo masa abinci har masauki ba, zai nemi abin da zai ci a waje sau biyu ko uku kullum, na tsawon kwana goma ko sati biyu. Abinci kam akwai shi ko'ina, kuma ba ka da damuwar halal ko haram kamar a wasu ƙasashe. Abin da ke ba baƙo wahala abu uku ne: lokaci, farashi, da ciki. Duk ukun kuwa sallah ce ke juya su, domin a garuruwan nan biyu ita ke buɗe shago, ita ke rufe shi, ita ke cika layi, ita ke watsa shi. Idan ka iya ɗora cin abincinka a kan lokutan sallah, ka gama rabin aikin.

Kayan da za ka tanada

Tun daga gida ka ɗauko yaji busasshe a cikin roba mai murfi. Abincin Larabawa ba shi da yaji irin namu, kuma bayan kwana uku bakinka zai fara neman gida. Ka haɗa da garin kunu ko garin rogo, ƙaramin filas, kofi da cokali, da ƙaramar wuƙar yanka lemo da kankana wadda za ta shiga babbar jaka, kada ka bar ta a jakar hannu a filin jirgi. Goro kuwa, hukumomin alhazai sun sha gargaɗi a kansa, ka bar shi a gida. Kilishi da dambun nama ka tambayi kamfanin da ya shirya maka tafiya kafin ka zuba su a kaya.

Na biyu kuɗi. Riyal a ɗaure yake da dala, dala ɗaya riyal 3.75, saboda haka lissafinsa ba wuya. Ka riƙe ƙananan takardu na riyal 5 da 10 da 'yan sulalla, domin mai gurasa ba zai ji daɗin ka miƙa masa ɗari biyar a kan cinikin riyal shida ba. Kusan kowane shago yana da na'urar karɓar kati, amma katin bankin gida yana iya ƙi a daidai lokacin da ka riga ka ci. Ka gwada shi a kan ƙaramin ciniki ranar farko, kuma ko ya yi aiki kada ka fita ba tsaba a aljihu.

Na uku layin waya na can, STC ko Mobily ko Zain, da data. Da shi za ka duba taswira, ka buɗe jerin abinci a gidajen da suka mayar da shi lambar da ake haskawa da waya, ka kuma yi oda a kawo maka. Sai sabulu marar ƙamshi, da 'yan ƙunshin garin ORS na gudawa, da magungunanka na kullum idan kana da ciwon suga ko hawan jini ko gyambon ciki.

Na ƙarshe, lambobin Larabci. Minti goma ya isa ka haddace su, kuma za su cece ka daga asara. Wanda ya yi kama da sifili (٥) biyar ne. Sifilin gaskiya ɗigo ne (٠). Wanda ya yi kama da bakwai ɗinmu (٦) shida ne. Bakwai (٧) bakinta sama, takwas (٨) bakinta ƙasa.

1. Ka tsara lokacin cin abinci tun ranar farko

Da ka sauka ka rubuta lokutan sallah biyar. Yawancin shagunan da ke kewaye da Harami suna sauke ƙofa ko su daina karɓar oda idan an kusa tayar da iƙama, su sake buɗewa bayan sallama. Da an sallame kuma dubban mutane ke fitowa lokaci guda, kowa da yunwarsa. Wanda ya biyo wannan ayari zai yi minti arba'in a layi a kan abin da zai samu cikin minti biyar in da ya ɗan jinkirta.

Tsarin da ya fi sauƙi shi ne: karin kumallo bayan rana ta fito, wajen ƙarfe bakwai zuwa takwas, lokacin da turmutsitsin Asuba ya lafa. Babban abinci tsakanin Azahar da La'asar. Da dare abu marar nauyi, bayan Isha da kamar awa ɗaya.

Kuskuren da sababbin zuwa suka fi yi shi ne fita neman abinci tsakanin Magariba da Isha. A kalandar Ummul Ƙura da ake bi a can, tsakaninsu awa ɗaya da rabi ne kacal, a Ramadan awa biyu. Kafin ka fita daga masallaci, ka samo takalminka, ka bi layi, ka ci, ka sake alwala, an cika, askarawa sun tare ƙofofi, sai ka yi Isha a farfajiya ko a bakin titi. Ka sa dabino bakwai a aljihu, ka sha Zamzam, ka zauna a wurinka. Ranar Juma'a ma haka: ka karya da kyau da safe, domin sai ka shiga masallaci da wuri, kuma bayan an sauko gidajen abinci ba masaka tsinke.

2. Ka zagaya unguwarka kafin yunwa ta kama ka

Mai jin yunwa ba ya zaɓe. Da yammacin ranar farko ka yi tattaki a kewayen masaukinka ka gano wuri huɗu: mai wake da gurasa, gidan shinkafa, babban kanti, da kantin magani. Bin Dawood yana da rassa dab da Haramin Makka da na Madina, can za ka sayi ruwa, madara, burodi da 'ya'yan itace. Kantunan magani irin Nahdi da Al-Dawaa suna ko'ina.

Farashi yana bin tazara. Abin da ka saya a benen cin abinci na ginin agogo, Abraj Al-Bait, ko a Jabal Umar, za ka same shi da rahusa idan ka gangara titin Ibrahim Khalil zuwa Masfala, ya ƙara sauka idan ka hau mota zuwa Aziziyya. A Madina, otal-otal ɗin Markaziyya da ke zagaye da masallaci su ne masu tsada. Da ka tsallaka titin da ya kewaye su, ko ka bi hanyar ƙafa da ta nufi Ƙuba, ko ka je titin Sultana, za ka ga bambanci. Tafiyar minti goma takan rage maka kuɗi sosai, amma ka auna da ƙarfin ƙafarka. Dattijon da ya yi ɗawafi da sa'ayi da safe, gara ya biya ƙarin riyal biyar ya huta.

Wajen tantance ƙaramin shago, ka duba masu ci a ciki. Inda ka ga direbobi da ma'aikatan otal da masu shara suna shiga suna fita, abincin ba ya kwana, kuma farashinsa na 'yan gari ne. Ka duba ko an manna farashi a bango. Ka duba ko wanda ke zuba abinci shi ne ke karɓar kuɗi da hannu ɗaya. Ka kalli kajin da ke juyawa a gashi: idan sun bushe sun yi baƙi-baƙi kuma wutar a kashe take, tun safe suke nan. Tiren miyar da ya yi fata a sama, ba tururi, ka wuce shi.

3. Karin kumallo

Mafi araha da riƙe ciki shi ne ful da tamis. Ful babban wake ne da ake dafawa a tulun ƙarfe har ya narke, a zuba masa mai da tumatir da kayan ƙamshi. Tamis gurasa ce mai faɗi da ake manna wa a bangon tanderu, yawanci a hannun 'yan Afganistan. Ɗaya takan ishi mutum biyu. Ka karɓe ta da zafinta ka ci nan take, domin in ta huce a leda sai ta koma kamar fata. Sau da yawa mai gurasa daban, mai wake daban, a jere da juna. Ka fara ba da odar wake, sannan ka shiga layin gurasa.

In wake yana kumbura maka ciki, ka nemi shakshuka, wato ƙwai da tumatir, ko kibda, hanta ce soyayya da albasa. Mutabbak kamar fanke ne mai faɗi da aka naɗe ƙwai da niƙaƙƙen nama a ciki aka yanka murabba'i-murabba'i. Akwai kuma ma'asub, ayaba da gurasa da aka kirɓa aka zuba kirim da zuma. Yana da daɗi ƙwarai, amma mai ciwon suga ya yi nesa da shi, kuma ko lafiyayye ya ci faranti guda barci zai yi har Azahar. Shayinsu da sukari yake zuwa. In ba ka so, ka ce "bidun sukkar", wato ba sukari, tun kafin a zuba.

4. Yadda ake oda a gidan shinkafa

Nan ne babban abincinka na kullum, don haka ka san sunaye. Bukhari shinkafa ce mai karas da zabibi, ita ce ta talaka, ana cin ta da gasasshiyar kaza. Kabsa ja ce, ta fi kusa da dafa-dukanmu. Mandi shinkafa ce da aka dafa a rami, naman yana rataye a samanta yana ɗiga mata romo, shi ya sa take ƙamshin hayaƙi. Madbi kuma a kan duwatsu masu zafi ake gasa namansa. Madgut a tukunyar matsi ake dafa shi bayan ka yi oda, don haka yana ɗaukar kamar rabin awa. Kada ka nema in kana sauri. Salig farar shinkafa ce da aka dafa da romo da madara har ta yi laushi kamar fate, abincin mutanen Hijaz, kuma ita ta fi dacewa da tsoho ko wanda cikinsa bai zauna ba.

Tambayar farko da za a yi maka ita ce "mahalli au safari?", wato a nan za ka ci ko tafiya za ka yi da shi. Ta biyu yawan nama. Kaza da "habba" ake ƙirga ta: habba guda cikakkiya, "nus habba" rabi, "rubu'u" kwata. Za a kuma tambaye ka "shawwaya" ko "faham": ta farko mai juyawa a injin gashi, ta biyu ta gawayi. Naman rago ko akuya da "nafar" ake sayar da shi, wato rabon mutum ɗaya, kuma ya ninka kaza tsada. In ka ga "hashi" a jeri, naman ɗan raƙumi ne.

Kuskure na nan kusa: kowa ya yi odar nasa. Rabin kaza da shinkafarta yakan ishi mutum biyu masu matsakaicin ci, kaza guda ta ishi uku ko huɗu. Ku biyar ne, ku ce kaza ɗaya da rabi, in bai isa ba ku ƙara shinkafa kawai, "ruz sada", wadda ba ta da tsada. Za a kawo muku ɗan ruwan tumatir da ake kira dakkus, da barkono da ake kira shatta. A nan yajinka na gida zai yi rana.

Gidajen mandi da yawa suna da ƙananan ɗakuna masu labule inda ake zama a ƙasa. Ka cire takalmi a bakin ƙofa, a shimfiɗa leda, a dire tire a tsakiya, ku sa hannu kamar a gida. Wurin wanke hannu sunansa "magsala". Idan kana tare da Hajiya da yara ka ce "awa'il", sashen iyali. Tun 2019 aka ɗage dokar da ta tilasta ƙofa biyu, ta maza da ta iyali, amma gidaje da yawa sun bar tsarinsu yadda yake, don haka namiji shi kaɗai ya duba rubutun ƙofa kafin ya kutsa.

Mandi da an sauko daga Azahar ake buɗe raminsa. Wanda ya zo ƙarfe huɗu ragowa zai samu.

Idan shinkafar Larabawa ta gundure ka, gidajen Pakistan da Indiya sun fi kusa da harshenmu: biryani mai yaji, miyar nama, miyar wake da ake kira dal, da gurasa mai zafi. Akwai na Turkawa masu gashi, na Misirawa masu koshari, da na Indonesiya.

5. Albaik da sauran na sauri

Kusan kowane baƙo sai ya ɗanɗana Albaik, gidan soyayyar kaza da aka fara a Jidda a 1974. Layinsa bayan Isha abin tsoro ne. Ka je da hantsi ko bayan La'asar. Ka zaɓi "adi" marar yaji ko "harrak" mai yaji. "Musahhab" shi ne marar ƙashi. Ka biya, ka karɓi lamba, ka jira a kira.

Abu biyu ka kiyaye a irin waɗannan wurare da wajen masu shawarma. Farin miyan da ake haɗowa da shi tafarnuwa ce zalla, kuma ka san hanin da ya zo a hadisi game da wanda ya ci tafarnuwa ko albasa ya nufi masallaci. A sahun da kafaɗa ke gugar kafaɗa ba ƙaramin cutarwa ba ne. Ka bar shi sai bayan Isha, ko ka ce "bidun tum", wato ba tafarnuwa. Na biyu, 'yar takardar goge hannu mai laima da ake sakawa a leda, yawanci tana da turare. Idan kana cikin ihrami kada ka buɗe ta. Ka wanke hannu da ruwa da sabulunka marar ƙamshi. Haka sabulun ruwa da ke banɗakunan gidajen abinci. Batun gahawa mai za'afaran ga mai ihrami kuwa, ka tambayi malamin ayarinku tun kafin ku isa miƙati.

6. Idan kewar tuwo ta taso

Za ta taso, yawanci a kwana na huɗu. Hausawa sun daɗe a Makka, tun zamanin da ake zuwa a ƙasa ta Chadi da Sudan, har tsirenmu ya shiga abincin mutanen Hijaz, suna kiransa siriye. A Masfala da wajen Shara Mansur ana samun tuwo da miyar kuka ko kuɓewa, shinkafa da wake, fura, kunu da ƙosai. Hanya mafi sauƙi ita ce ka tambayi wanda ya riga ka zuwa a masaukinku. Akan samu mai kawowa har ƙofar otal.

Sai dai ka san cewa mafi yawan masu sayarwa a bakin titi ba su da lasisi, jami'an baladiyya, wato hukumar gari, na korarsu, kuma ba wanda ke duba yadda aka ajiye abincin. Ka sayi abin da yake da zafi har yana ƙona leda. Miyar da aka ɗaura tun safe tana yawo a rana, da fura da aka dama da ruwan da ba ka san asalinsa ba, su ne ke kwantar da mutane. In za ka sayi fura, ka karɓi ƙwallayenta, ka sayi laban, wato nononsu na kanti, ko kindirmo mai sanyi, ka dama da kanka a ɗaki. In ba ka samu mai tuwo ba, butar lantarkin ɗaki ta isa ka dama kunu. Girki da risho ko tukunyar gas a ɗakin otal haramtacce ne, kuma na'urar hayaƙi za ta tona maka asiri.

7. Ranar babban gidan abinci

Sau ɗaya ko biyu a tafiyar ya isa, misali ranar da aka kammala Umara ko daren bankwana. Cin mutum ɗaya a manyan otal-otal da ke kallon Harami yana iya cinye kuɗin abincinka na kwana uku ko fiye, don haka a shirya shi.

Ka kama wuri tun kwana ɗaya kafin ranar, ta waya ko ka je da kanka. A Ramadan, musamman goman ƙarshe, kwana ɗaya ba ya isa. Ka yi tambaya huɗu: nawa ne kan mutum ɗaya, kuɗin ya haɗa da haraji da abin sha, yaya farashin yara, kuma teburin da ke jikin taga yana da ƙarin kuɗi ko a'a. Harajin kaya a Saudiyya kashi 15 cikin ɗari ne tun Yulin 2020, kuma ƙa'ida ita ce farashin da aka rubuta ya haɗa da shi, amma tambayar "shamil dariba?", wato ya haɗa da haraji, ba ta cin kuɗi. Idan masaukinka a otal ɗin yake, ka duba takardarka, wataƙila karin kumallo ko abincin dare yana cikin abin da ka riga ka biya.

Ka sa lokacin bayan Isha da kamar minti arba'in da biyar. A dogayen gine-ginen nan lifta ita ce matsala: dab da sallah da bayanta sai ka yi minti ashirin kana jira. Ka sa kaftani ko jallabiya mai tsabta da takalmin fita, ka bar silifas ɗin ɗawafi a ɗaki. A bakin ƙofa ka tsaya, ka faɗi sunan da aka kama wurin da shi, a kai ka teburi.

Yawancinsu irin ɗebi-da-kanka ne, an jera abinci kowa ya zuba. Kada ka ɗauki faranti tukuna. Ka zagaya gaba ɗaya hannu sake ka ga abin da ke akwai, domin an saba jera burodi da shinkafa da taliya a farko, gasasshen rago da kifi da jatan lande suna can ƙarshe. Wanda ya cika faranti a tashar farko ya biya kuɗin rago ya ci shinkafa. Ka ɗebi kaɗan-kaɗan, ka koma sau uku ko huɗu, ba abin kunya ba ne. Kowane zagaye da sabon faranti. Tsohon ka bar shi a teburi za a ɗauke. Kowane tire da cokalinsa, kada ka ɗebi miya da na shinkafa. Ba a ƙunsa abinci a fita da shi daga irin wannan wuri, ko da lemo ne a jakar Hajiya.

Inda kuma ake kawo takardar jerin abinci, ka lura da lamba biyu da ke gaban kowane suna. Tun 2019 doka ta sa a riƙa rubuta adadin kuzarin da ke cikin abinci, don haka 650 da ka gani ba lallai kuɗi ba ne. Ka nemi wadda ke da alamar riyal. Ruwa ma ka yi hattara: in ka ce ruwa kawai, ana iya kawo maka babbar kwalbar waje mai tsada ko mai gas. Ka ce "moya adiya", na gida. In ka yi odar yankan naman sa, za a tambaye ka yadda za a gasa shi. Ka ce a gasa sosai, in ba haka ba zai zo da ja a tsakiya.

Cokulan da aka jera maka, daga na waje ake farawa a shigo ciki. Tsarin Turawa wuƙa a dama, cokali mai yatsu a hagu, amma ba wanda zai tilasta maka ci da hagu a Makka: ka yayyanka naman, ka ajiye wuƙar, ka mayar da cokalin dama. Ƙyallen da aka naɗe a kan faranti a cinya ake shimfiɗa shi. In aka zagayo da gahawa da dabino, ka karɓa da dama. Ɗan kofin ba a cika shi, kuma za a yi ta ƙara maka har sai ka ɗan girgiza shi yayin miƙawa, alamar ya isa.

Da kun gama ka ce "al-hisab", wato a kawo lissafi. Ka karanta rasit layi-layi kafin ka biya, ka ƙirga kawuna da kwalabe. Za a tambaye ka "kash au shabaka", tsaba ko kati. In na'urar ta ba ka zaɓin biya da riyal ko da wani kuɗi, ka zaɓi riyal, canjin na'urar ya fi tsada. Ihsani ga ma'aikaci ba dole ba ne, amma a babban wuri kamar kashi goma cikin ɗari ya yi, a hannunsa. In an caje ka fiye da abin da aka rubuta kuma manaja ya ƙi gyarawa, ka riƙe rasit ɗin. Lambar ƙorafi ta ma'aikatar kasuwanci 1900 ce, ta baladiyya kan ƙazanta ko ruɓaɓɓen abinci 940.

Wanda jirginsa daga Jidda zai tashi kuma yana da rabin yini, akwai abin da ya fi otal armashi: babbar kasuwar kifi da ake kira Bangala. Da safe ake zuwa. Ka zaɓi kifinka, najil ko hamur, mai ido garau, a auna, ka kai wajen masu gyarawa, sannan ka miƙa wa masu soyawa ko gasawa, ka haɗa da shinkafar sayadiyya mai launin ƙasa.

8. Oda ta waya da cin abinci a hanya

HungerStation da Jahez suna kawo abinci har masauki, kuma suna da amfani ranar da ƙafa ta kumbura. Amma ana rufe titunan kusa da Harami a lokutan sallah, mai kawowa ba zai iso ba. Ka yi oda da hantsi ko can dare, ka sa alamar wurinka daidai a taswira, ka sauko ka tarye shi, domin otal da yawa ba sa barinsu hawa sama.

Tsakanin Makka da Madina, jirgin ƙasa na Haramain awa biyu da 'yan mintuna ne, ruwa da dabino sun wadatar. Motar bas kuwa awa biyar zuwa shida, da tsayawa sau ɗaya a zango. Ka tambayi direba minti nawa ya bayar, ka ɗauki hoton lambar motar, domin a filin akwai irinta ashirin. Ka fara da banɗaki da sallah, abinci daga baya, kuma ka karɓa "safari". In daga Madina kuka taso kun ɗauki ihrami a Zul Hulaifa, ka ci kaɗan. Ɗawafi da sa'ayi na jiranka, kuma banɗakunan Harami a waje suke.

A Ramadan gidajen abinci a rufe suke da rana. Buɗa-baki a Masallacin Annabi kyauta ne, a kan doguwar shimfiɗa: dabino, kindirmo, burodin shuraik, da garin dukka da ake barbaɗawa a kindirmon. Ka sha ruwa da wannan, ka bar babban abinci sai bayan Tarawi. Sahur ka saye shi tun kafin ƙarfe biyu na dare, bayan nan layi ya fi ƙarfinka.

9. Ragowar abinci da lalacewar ciki

Abin da ya rage a ƙaramin gida ka ce a ƙunsa maka. Dafaffiyar shinkafa da kaza kada su wuce awa biyu a waje, in a cikin zafi ne awa ɗaya. Firjin ɗakin otal ƙarami ne, sau da yawa ba ya sanyi sosai, kuma ba ka da abin ɗumamawa. In ba za ka ci nan kusa ba, ka miƙa wa ma'aikatan shara da ke bakin titi tun yana da zafi. Ba a shiga masallaci da dafaffen abinci, za a tsayar da kai a ƙofa.

Ka guji ɗanyen nonon raƙumi da ake tallarsa a bayan gari wajen ziyara. Ma'aikatar lafiyar ƙasar da kanta tana gargaɗi a kansa saboda cutar numfashi ta MERS. Zamzam a Harami iri biyu ne, mai sanyi da wanda aka rubuta wa "gair mubarrad", wato marar sanyi. Mai saurin kamuwa da mura ya nemi na biyun.

In gudawa ta kama ka, ka dakatar da maiƙo da madara da yaji. Ka narka ƙunshin ORS ɗaya a yawan ruwan da aka rubuta a jikinsa. In babu, lita ɗaya ta ruwan gora, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri, ka riƙa kurɓa a hankali. Ka ci farar shinkafa, ayaba da busasshen burodi. Idan akwai jini, ko zazzaɓi, ko amai ya hana ruwa zama, ko abin ya wuce kwana biyu, ko kuma marar lafiyar tsoho ne ko yaro ko mai ciwon suga, kada a tsaya jiƙe-jiƙe. Akwai cibiyoyin lafiya a kewayen Harami biyun, kuma bizar Umara tana haɗe da inshorar lafiya ta gaggawa, don haka a tafi da fasfo ko hoton biza. Lambar neman shawarar likita 937 ce, ta motar asibiti 997.